Darasin Fiƙihu: Hukuncin Shafa wa Kayan Ado Ruwan Zinariya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani al'amari da ke cikin gidajenmu a nan Gure da karkararta, wato kai sarƙa ko zobe ko ƴan kunne ko warwaro wurin maƙeri domin ya sabunta musu launi idan sun dushe. Kayan adon da ke hannun matanmu suna zuwa ta hanyoyi da yawa: na gado, da na lefe, da wanda aka saya a Kasuwar Dole ta Damagaram ko a Kano, da tsarabar alhazai. Ga mace, waɗannan kaya ajiya ce ta ranar buƙata. Saboda haka wajibi ne mai sayarwa da mai saye da maƙeri kowa ya san hukuncin Allah a kansu.

Yadda aikin yake

Zinariya tsantsa ba ta tsatsa, amma tana da laushi, shi ya sa ake gauraya ta da jan ƙarfe ko azurfa. Tsantsarta ita ce karat 24. Mai karat 21 tana da kashi 875 cikin 1000, mai karat 18 kuma kashi 750, kuma sau da yawa ana buga wannan lamba a jikin kayan. Azurfa kuwa takan yi baƙi da daɗewa, sai a goge ta.

Akwai kuma kayan da cikinsu tagulla ne ko azurfa, aka lulluɓe su da ruwan zinariya. Ana wanke abin sarai, a tsoma shi cikin ruwan magani da aka narkar da zinariya a ciki, a sakar masa wutar lantarki, sai zinariyar ta manne a bayansa. Wani masani ɗan Italiya mai suna Brugnatelli ne ya fara gwada wannan a 1805, kuma a 1840 gidan Elkington na birnin Birmingham a Ingila ya yi rajistar hanyar ya mai da ita sana'a. Kaurin lulluɓin bai kai kaurin gashin kai ba, don haka gumi da sabulu da turare da gogayya suke cinye shi, tagullar ta bayyana.

Mas'ala ta farko: gyaran kansa

Halal ne mace ta sabunta kayan adonta, domin Shari'a ta halatta mata ado da zinariya da azurfa. Kuɗin da ake ba maƙeri ladan aikinsa ne, kuma ɗan abin da ya shafa na zinariya mabiyi ne ga aikin. Sai dai maƙeri amintacce ne a kan abin da aka ba shi. Ya kamata a auna kayan a gaban mai su kafin aiki da bayansa, domin goge da kankara suna rage nauyi.

Mas'ala ta biyu: algus

A nan ne haɗarin yake. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne. Ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya bayyana cewa mai algus ba ya cikinmu. Tagullar da aka shafa wa ruwan zinariya aka sayar da sunan zinariya, ita ce wannan tsibi: sama daban, ƙasa daban.

Ku dubi inda cutar take sauka. Mace ta yi shekaru tana adashi, ta sayi sarƙa, ta ɓoye. Shekarar da damina ta gaza, kamar yunwar 2005 da ta taɓa jihar Damagaram, ko ranar da ɗanta ya kwanta asibiti, ta ɗauko ta kai kasuwa, a goga a dutsen gwaji, a ce mata tagulla ce. Wanda ya sayar mata ya cuce ta sau biyu, ranar saye da ranar buƙata. Haka ango da ya sa irin wannan a lefe ya ce zinariya ce, da dillaliyar da ta sani ta yi shiru. Wanda aka yi wa haka yana da haƙƙin mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa. Amma idan mai sayarwa ya faɗi gaskiya cewa ruwa ne aka shafa, ya yi farashi daidai da haka, cinikin ya inganta.

Mas'ala ta uku: musanyar tsoho da sabo

Wasu idan kayansu na zinariya suka tsufa sukan ba da su, su ƙara kuɗi, su karɓi sababbi. Malaman mazhabarmu sun hana wannan, domin zinariya da zinariya sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wani maƙeri ya tambayi Abdullahi ɗan Umar ko zai sayar da abin da ya ƙera da fiye da nauyinsa don ya fitar da ladan aiki, sai ya hana shi. Mafita mai sauƙi ce: a sayar da tsohon, a karɓi kuɗi a hannu, sannan a sayi sabon da ciniki daban.

Mas'ala ta huɗu: maza

An haramta wa mazan wannan al'umma sanya zinariya da alharini, an halatta musu zoben azurfa. Malamai sun yi saɓani a kan abin da aka shafa wa ruwa kawai. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya ambaci zance biyu game da ƙwaryar da aka shafa wa ruwan zinariya, Shafi'awa kuma suna duba ko za a sami wani abu idan aka sa ta a wuta. Abin da ya fi tsare addini shi ne namiji ya bar agogo da zobe masu wannan ruwa.

Mas'ala ta biyar: zakka

Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595, ana fitar da kashi ɗaya cikin 40 idan shekara ta kewayo. A wurin Malikawa babu zakka a kayan da mace take ado da su, amma wanda aka ajiye don tattalin dukiya ko fatauci akwai. Ruwan da aka shafa ba ya mai da tagulla zinariya, don haka ba a auna ta cikin nisabi. Ɗan kasuwa mai sayar da irinta zai ƙimanta ta cikin hajarsa.

Gargaɗi ga maƙera

Ruwan shafin yakan ƙunshi guba mai kisa da ake kira sayanid, tsohuwar hanyar da ake yi da zaiba kuma hayaƙinta yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Kada a zubar da ragowarsa kusa da rijiya ko mashayar dabbobi, kada a bar shi inda yara ke wasa, domin Musulunci ya hana cuta da cutarwa.

Ga mai saye, ya tambaya ƙarara, ya duba lamba, ya nemi a gwada a auna a gabansa. Ga mai sayarwa, ya tuna cewa farkon Suratul Muɗaffifina narko ne ga masu tauye awo, kuma ranar hisabi babu abin da zai ɓoyu.

Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, Ya ciyar da mu halal, Ya kiyashe mu haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.