Wa Ke Ganin Abin Da Ɗalibi Ya Rubuta A Intanet? Darasi Daga Makarantun Amurka A Lokacin Dusar Ƙanƙara

Yau babu waya ko kwamfutar da za mu kunce daga kwali. Tambaya ɗaya za mu bi: idan ɗalibi ya rubuta wani abu a wayarsa yana zaune a ɗakinsu, ta wace hanya yake isa teburin shugaban makaranta, kuma shin makarantar tana da ikon hukunta shi a kai? Na ɗauko misalan daga Amurka ne domin can aka fi kai irin wannan rigima gaban alƙali, kuma takardun kotu sun bayyana dalla-dalla yadda saƙo ke fita daga waya. Sai dai labarin ya fara ne daga sanyi.

Ranar hutun dusar ƙanƙara

A jihohin arewacin Amurka, daga Disamba zuwa Maris, dusar ƙanƙara kan toshe hanya ta yadda motar ɗaukar ɗalibai ba za ta iya fita ba. Wani lokaci ma ba dusar ba ce, tsananin sanyin ne. A ranar 6 ga Janairun 2014, gwamnan Minnesota, Mark Dayton, ya rufe duk makarantun gwamnati na jihar saboda sanyi kawai. Amma a bisa al'ada ba gwamna ke yanke wannan shawara ba. Kowace gunduma tana da shugaban makarantunta, shi ne zai tashi tun kafin asuba, ya ji rahoton masu hasashen yanayi da na masu share hanya, sannan ya zaɓi ɗaya cikin uku: a buɗe, a jinkirta da awa biyu, ko a rufe gaba ɗaya. Ba ya son rufewa barkatai, domin yawancin jihohi sun ƙayyade kwanakin karatu wajen 180 a shekara, kuma ranakun da aka rasa sau da yawa sai an rama su daga cikin hutu.

Ga ɗalibi kuwa wannan rana tamkar Sallah ce. Yara har camfe-camfe suke yi a daren: a juya kayan barci a sa su a bai-bai, a ajiye cokali ƙarƙashin matashi, wai don dusar ta sauko da yawa. Akwai ma wani shafi mai suna Snow Day Calculator, wanda ɗan makaranta ne ya fara gina shi, za ka saka masa lambar unguwarku ya lissafa maka kashi nawa cikin ɗari ake sa ran rufe makaranta gobe. Duk wanda ke koyon rubuta manhaja ya lura da wannan. Yaron bai ƙirƙiro wata sabuwar fasaha ba, bayanan yanayi ya ɗauko ya haɗa da tambayar da dubban yara ke yi kowane dare.

A da ana jiran sanarwa ne a rediyo da talabijin. Da Twitter ta zo, sai shugaban makarantun ya zama mutumin da kowane ɗan shekara 14 zai iya yi wa magana kai tsaye. A Disambar 2013, shugaban makarantun gundumar Montgomery a jihar Maryland, Joshua Starr, ya rubuta wa iyaye buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan saƙonnin da ɗalibai suka yi ta aika masa lokacin da ake jiran shawarar rufe makaranta. Wasu na barkwanci ne da roƙo cikin ladabi. Wasu kuwa ashar ne, da kalaman ƙabilanci, da barazana, har da ambaton iyalinsa. Yaran nan a gadajensu suke kwance, da wayoyinsu, ba a lokacin aji ba. To wa zai hukunta su, iyaye ko makaranta?

Abin da kotu ta ce

Tsohuwar ƙa'ida ta fito ne daga shari'ar Tinker ta 1969. Wasu ɗalibai a birnin Des Moines sun ɗaura baƙin ƙyalle a damtse don nuna adawa da yaƙin Biyetnam, makaranta ta dakatar da su, Kotun Ƙoli ta ce ba daidai ba ne. Makaranta ba za ta hana ɗalibi faɗin ra'ayinsa ba sai idan maganar za ta hargitsa karatu sosai ko ta taka haƙƙin wasu. Amma a 1969 an san inda katangar makaranta ta tsaya.

Shari'ar da ta taɓa waya ita ce ta Mahanoy, wani ƙaramin gari a Pennsylvania. A 2017 wata ɗaliba 'yar shekara 14, wadda takardun kotu suka kira B.L., ta nemi shiga babbar tawagar 'yan matan da ke rawa da kirari a gefen fili don zuga 'yan wasan makaranta, ba a ɗauke ta ba. A ƙarshen mako, tana cikin wani kanti a gari, ta ɗauki hoto da ƙawarta suna nuna yatsan zagi, ta rubuta ashar a kan makarantar da tawagar da komai ma, ta ɗora a Snapchat. Abokai kusan 250 ne za su iya gani, kuma bayan awa 24 zai ɓace da kansa. Aka dakatar da ita daga ƙaramar tawagar na tsawon shekara guda. Iyayenta suka kai ƙara. A ranar 23 ga Yunin 2021, alƙalai 8 cikin 9 suka ce makarantar ta wuce gona da iri. Yarinyar ba ta ambaci sunan kowa ba, ba ta yi barazana ba, da wayarta ta yi, a wajen makaranta, kuma abin da ya faru a aji bai wuce 'yan mintuna na surutu ba. Diyyar da aka yanke mata tun a ƙaramar kotu dala ɗaya ce tak, tare da goge hukuncin daga fayil ɗinta.

Mutane da yawa suna tsayawa a nan su ce ashe ɗalibi zai iya rubuta abin da ya ga dama muddin yana gida. Hukuncin bai ce haka ba. Mai shari'a Stephen Breyer, wanda ya rubuta shi, ya lissafa inda hannun makaranta zai iya kaiwa ko da ɗalibin yana waje: cin zarafi mai tsanani da aka nufi wani mutum da shi, barazana ga malami ko ɗalibi, karya dokokin darasi da na amfani da kwamfuta da na aji ta intanet, da kutse cikin na'urorin tsaron makaranta. A ƙarshen 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta amince da hukunta ɗalibai a garin Albany na Kalifoniya saboda wani ɓoyayyen shafin Instagram mai mabiya ƙalilan, inda aka riƙa ɗora hotunan 'yan ajinsu baƙaƙen fata da kalaman wariya. Ɓoye shafin bai cece su ba. Sannan duk wannan kariya ta makarantun gwamnati ce. A 2017 jami'ar Harvard, wadda mai zaman kanta ce, ta janye gurbin karatun aƙalla ɗalibai 10 saboda hotunan barkwanci na batsa da cin mutunci da suka yi musaya a wani rufaffen zaure na Facebook.

Waya ta biyu

A ganina layi mafi amfani a cikin hukuncin Mahanoy ba na doka ba ne. Kotun ta ce ɗaya daga cikin waɗanda suka ga saƙon ta yi amfani da wata waya daban ta ɗauki hotonsa. Daga nan ya yaɗu a tawagar, wata yarinya ta nuna wa mahaifiyarta, wadda ke cikin masu horas da su.

Duba wannan da idon mai gina manhaja. Snapchat tana sanar da kai idan wani ya yi sikirinshot na hotonka, domin tsarin wayar yana gaya wa manhajar cewa an danna maɓallin ɗaukar allo. WhatsApp kuma ta hana sikirinshot ɗin kwata-kwata a kan saƙon da ake buɗewa sau ɗaya. A Android layin umarni ɗaya ne mai manhaja zai saka, allon ya fito baƙi a duk hoton da aka ɗauka. Amma iyakar ikon manhaja shi ne cikin wayar da take zaune. Da zarar hasken ya fito daga gilashi, kyamarar Tecno ta hannu na biyu ta isa ta kama shi, kuma babu sanarwar da za ta zo maka. Haka rufin sirrin da WhatsApp ke yi wa saƙonni: yana kare saƙo ne a kan hanya, tsakanin wayarka da ta abokinka, ta yadda kamfanin layi ko mai Wi-Fi ba zai karanta ba. Ba ya kare ka daga abokin da kansa. A zauren aji mai mutum 80, kana da ƙofofi 79 da ba kai ke riƙe da makullinsu ba.

Lokacin da makaranta ta shigo ɗaki

Bayan korona abin ya ƙara cakuɗewa, domin gundumomi da dama sun ce tunda kowa yana da kwamfuta, ranar dusar ƙanƙara ba hutu ba ce kuma, a shiga aji daga gida. Birnin New York, mai ɗalibai kusan miliyan ɗaya, ya gwada hakan a ranar 13 ga Fabrairun 2024. Da safe ɗalibai da malamai masu yawa suka kasa shiga asusunsu, hukumar ta ɗora laifin a kan IBM da ke kula da tsarin tantance masu shiga. Wanda ya taɓa neman sakamakon jarrabawa a ranar da aka sake shi ya san wannan ciwon: sabar da ke ɗaukar mutane a hankali cikin yini ta durƙushe idan duk suka zo cikin minti goma.

Abin da ya shafi darasinmu shi ne, a irin wannan rana ɗakin barcin ɗalibi ya zama aji, kuma yana aiki da kayan makaranta. Nan ne ake buƙatar rarrabe abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri ɗaya: na'ura, asusu, da hanyar intanet.

Idan na'urar ta makaranta ce, misali Chromebook da aka raba, ka ɗauka ana kallon komai. Wata dokar Amurka ta shekarar 2000 ta wajabta wa makarantun da ke karɓar tallafin intanet na tarayya su tace shafuka su kuma sa ido kan yara, kuma kamfanoni irin su GoGuardian, Securly da Gaggle sana'arsu ke nan. Wasu suna nuna wa malami allon ɗalibi kai tsaye, wasu suna bin rubutu suna neman wasu kalmomi. An taɓa wuce iyaka ma. A 2010 aka gano cewa kwamfutocin da gundumar Lower Merion, kusa da Philadelphia, ta raba wa ɗalibai sun ɗauki hotuna sama da 56,000 ta kyamara da allo, ta hanyar manhajar da aka ce ta neman kayan sata ce, wasu a cikin ɗakunan yara. Gundumar ta biya dala 610,000 don a sasanta.

Asusu shi ne wanda ya fi yaudara, kuma shi ne ya fi shafar mu a nan gida, domin jami'o'inmu da yawa suna ba ɗalibai imel mai ƙarewa da edu.ng wanda ke kan tsarin Google ko Microsoft. Fuskar Gmail ce ka saba gani, amma mai gidan ba kai ba ne. Mai kula da tsarin zai iya canza kalmar sirrinka, ya rufe asusun, kuma idan an kunna Google Vault zai iya nemo imel da hira da fayil ko bayan ka goge su. Ɗalibai a Amurka kan buɗe takarda a Google Docs su yi hira a ciki lokacin darasi, su share idan malami ya matso. Tarihin gyare-gyaren takardar yana nan da sunan wanda ya rubuta da lokacin da ya rubuta. Haka idan ka shiga Chrome da asusun makaranta a kwamfutarka ta kanka ka kunna haɗa bayanai, tarihin bincikenka zai koma cikin asusun, kuma dokokin makarantar, har da ƙananan manhajojin da ta tilasta, za su iya sauka a wannan burauzar.

Hanyar intanet ita ce mafi sauƙi. A kan Wi-Fi na makaranta, mai kula zai ga sunan shafin da ka shiga da lokacin, amma ba zai ga abin da ka rubuta ba muddin adireshin ya fara da https, sai idan an dasa wa na'urarka takardar shaidar tsaro ta makarantar. Yanayin Incognito kuwa ba ya ɓoye komai daga gare shi, tarihin cikin wayarka kawai yake hana ajiyewa.

Abin da za ka yi yau

Buɗe Chrome a kwamfutarka, ka rubuta chrome://management a wurin adireshi. Zai gaya maka ko wata hukuma ce ke sarrafa burauzar. Sannan ka rubuta chrome://policy ka ga dokokin da aka ɗora, idan akwai. In ka tarar da sunan makarantarka, ka buɗe sabon furofayil na Chrome don karatu kaɗai, ka bar na kanka daban. A waya, shiga saituna ka duba jerin asusun da ke ciki, ka tabbatar hotunanka da lambobinka ba a asusun makaranta suke taruwa ba. Kada ka yi rajistar Facebook, TikTok ko banki da imel ɗin makaranta, domin ranar da aka rufe shi bayan ka gama, hanyar dawo da kalmar sirrinka ta tafi tare da shi.

Hukuncin Mahanoy kuma kada ka ɗauke shi ka tafi da shi gaban kwamitin ladabtarwa a Zariya ko Maraɗi. Dokar Amurka ce, a Amurka take aiki. A Najeriya abin da za a buɗe maka shi ne littafin dokokin ɗalibai da aka ba ka lokacin rajista, sai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Ka nemo littafin nan ka karanta shafin da ya yi magana a kan ɓata sunan makaranta da na ma'aikata.

A darasi na gaba in Allah Ya yarda za mu ga yadda ake kwashe fayiloli daga Drive na makaranta zuwa asusunka da Google Takeout kafin a rufe shi, da abin da za ka yi idan mai kula da tsarin ya kashe wannan damar.