Darasin Lafiya: Yadda Ciwon Makogwaro Ke Zama Ciwon Zuciya

Darasin wannan fitowa a kan ciwon zuciya ne, irin wanda ke kama yara da matasa, wanda likitocin Sudan ke kira rumatizim na zuciya. Mun zaɓe shi domin a cikin iyalan da suka baro Hartum da Umdurman akwai masu wannan ciwo da yaƙi ya raba su da likitansu, akwai kuma yaran da zaman cunkoso zai iya jefa su cikinsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Yadda ciwon ke farawa

Asalinsa wata ƙwayar cuta ce da ke kama makogwaro, galibi na yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa, ta fi kuma samun wuri inda mutane da yawa ke kwana a ɗaki ɗaya ko tanti ɗaya. Yaro zai yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya, bayan 'yan kwanaki ya warware. A wurin wasu yaran maganar ba ta ƙare nan ba. Bayan mako 2 ko 3 garkuwar jikin da ta tashi yaƙar ƙwayar sai ta juya kan jikin kansa. Zazzaɓi ya dawo, gaɓoɓi su kumbura, ciwon ya bar gwiwa ya koma idon sawu, ya bar nan ya koma gwiwar hannu. Wani yaron hannuwansa da fuskarsa za su riƙa motsi ba da sonsa ba, har a ce iska ce ta taɓa shi.

Ciwon gaɓoɓin yana wucewa. Abin da ke zama shi ne ɓarnar da aka yi wa zuciya. A cikin zuciya akwai ƙyaure huɗu masu buɗewa da rufewa domin jini ya bi hanya ɗaya. Duk lokacin da wannan zazzaɓi ya dawo, ƙyauren yana ƙara lalacewa, ko ya tsuke ko ya riƙa yoyo. Shekaru kan wuce babu alama. Daga baya sai haki, kumburin ƙafa, kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, wani lokaci har shanyewar ɓarin jiki. Mata da yawa sai sun ɗauki ciki ciwon ke bayyana. A duniya yana kashe fiye da mutum 300,000 a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta.

Abin da bincike ya gano

Na farko, ana iya ganin ciwon tun yaro bai ji komai ba. Akwai na'urar hoton zuciya da ake kira eko, yanzu har an yi ƙarama da ake riƙewa a hannu. Farfesa Sulafa Ali, likitar zuciyar yara ta Jami'ar Hartum, da abokan aikinta sun duba 'yan makaranta 4,515 da irin wannan na'ura, suka wallafa sakamakon a 2018. A cikin yara 3,000 na Hartum da ƙyar aka samu mai ciwon. A Niyala ta Darfur ta Kudu kuwa an samu kimanin yara 19 a cikin kowane 1,000. Ƙasa ɗaya ce, bambancin yana wajen cunkoso, talauci da nisan asibiti. Wannan ya shafe mu kai tsaye: yaron da ya tashi a Hartum kusa da asibiti, yau yana zaune ne a irin halin da ciwon ke so.

Na biyu, idan aka bar shi yana kisa da wuri. Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, har da Sudan da Najeriya. Biyu cikin uku mata ne, rabinsu kuma ba su wuce shekara 28 ba. Cikin shekara 2 kimanin 17 a cikin 100 sun rasu. Kusan rabinsu ba sa karɓar allurar da ke hana ciwon ci gaba.

Na uku, allurar tana aiki. A Gulu ta arewacin Yuganda an gwada ta a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 17 waɗanda eko ya nuna ciwon ya fara taɓa su a ɓoye. Aka raba su gida biyu, wasu ana yi musu allurar fenisilin kowane mako 4, wasu ba a yi musu. Sakamakon ya fito a 2021. Bayan shekara 2, a cikin kimanin yara 400 masu karɓar allura 3 kawai ciwonsu ya ƙaru. A cikin 400 da ba su karɓa ba, 33 ne.

Na huɗu ya shafi masu shan maganin tsinka jini. Wasu masu wannan ciwo zuciyarsu kan rikice wajen bugawa, jini ya daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa. Tsohon maganinsa shi ne warfarin, mai bukatar gwajin jini a kai a kai. An yi fatan sabon magani mai suna ribaroksaban, wanda ba ya bukatar gwaji, zai maye gurbinsa. Binciken INVICTUS ya gwada su a kan mutum fiye da 4,500 a ƙasashe 24, aka bayyana sakamakon a 2022. A kowace shekara kimanin 8 cikin 100 na masu shan sabon sun rasu, masu shan warfarin kuwa kimanin 6. Ashe da tsohuwar zuma ake magani. Fenisilin da warfarin duk tsofaffi ne, masu araha ne, amma sharaɗinsu ɗaya: kada a yanke.

Abin da yaƙi ya yanke

Kafin yaƙi masu ciwon zuciya suna zuwa asibitin Sha'ab a Hartum, ko Ahmad Gasim a Bahri, ko Cibiyar Salam da ke Soba. Ƙungiyar Emergency ta ƙasar Italiya ce ta buɗe Salam a 2007, tana yin tiyatar zuciya kyauta, kuma mafi yawan aikinta gyara ko sauya ƙyauren da rumatizim ya ɓata ne. Dubban mutane daga Sudan da wasu ƙasashen Afirka an yi musu aiki a can. Tun da aka fara faɗa ranar 15 ga Afrilu 2023 asibitoci da yawa na babban birnin suka tsaya. Salam ba ta rufe ba, ta kuma buɗe wurin duba majinyatanta a Atbara, amma wanda ya yi gudun hijira ya yi nisa da ita. Ga mai ƙyauren ƙarfe a zuciya, 'yan kwanaki babu warfarin sun isa jini ya daskare a kan ƙyauren.

Abin da iyaye za su yi

1. Yaron da ke ciwon makogwaro da zazzaɓi, musamman idan babu tari ko majina, a kai shi asibitin sansani a ranar. Maganinsa allurar fenisilin guda ɗaya ce, ko ƙwayoyi na kwana 10. A shanye su duka ko da yaro ya ji sauƙi a rana ta uku.

2. Kada a kai shi wurin wanzami a cire belu. Cire belu ba ya kashe ƙwayar, sai dai ya jawo zubar jini da wata cutar.

3. Zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi mai yawo, ko motsin jiki marar dalili, ko yaron da ya daina wasa saboda haki: a gaya wa likita a fili, a roƙi a saurari zuciyarsa, a tura shi eko idan da hali.

4. Wanda aka taɓa ɗora shi a kan allurar wata-wata ya koma kanta. Ana yin ta kowane mako 3 ko 4 yadda likita ya rubuta, shekaru da yawa, wasu har tsawon rai. Tana da zafi, amma ana iya haɗa ta da maganin kashe zafi. A ci abinci a sha ruwa kafin a je, a yi ta a kwance, a asibiti kaɗai. Wanda fenisilin ta taɓa yi masa illa, ko wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, ya faɗa. Likita zai iya ba shi ƙwayoyi a madadinta.

Ga masu shan warfarin

Kada ka bari sai ƙwaya ta ƙare. Idan saura na mako 2, ka zo. Gwajin jinin da ake kira suyula a asibitocin Sudan shi ke nuna ko jinin ya tsinke yadda ake so. A yi shi akalla sau ɗaya a wata. Kada ka ƙara ko ka rage ƙwaya da kanka, kada ka sha biyu don ka manta jiya, kada kuma ka yarda mai kantin magani ya sauya maka da sabon maganin tsinka jini. Mai ƙyauren ƙarfe warfarin ne nasa.

Asfirin, diklofenak da ibufurofen suna ƙara haɗarin zubar jini. Don ciwon kai a sha farasitamol. Flagyl da Septrin suna ƙara wa warfarin ƙarfi, saboda haka duk wanda zai rubuta maka magani ka gaya masa abin da kake sha. Ganye irin su lalo, zogale da alayyahu suna rage masa ƙarfi. Ba a ce ka daina ci ba, amma kada ka yi wata ba ka ci ba sannan ka wayi gari kana ci kullum. Ƙaho da tsaga ba naka ba ne.

Haɓon da ya ƙi tsayawa, jini a fitsari, baƙin bayan gida, ciwon kai mai tsanani, karkacewar baki ko mutuwar hannu: a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

'Yar uwa mai shan warfarin da ta ga batan wata ta zo da gaggawa. Maganin yana iya cutar da ɗan tayi a farkon ciki, barinsa kuma yana iya kashe uwa. Likita ne zai tsara yadda za a yi. Mai ciwon zuciya ta haihu a asibiti.

Takardu da rajista

Katin asibiti, takardar tiyata da littafin suyula a ajiye su cikin leda tare da katin rajista. A ɗauki hotonsu a waya, a tura wa wani ɗan uwa. Wanda nasa suka ɓata a hanya ya zo da kwalin maganin, ko ya faɗi shekarar da aka yi masa aiki da asibitin. Tabon ƙirji ma shaida ne.

A wurin tafinta muna ganin iyalai suna ɓoye wannan ciwo, musamman na 'yan mata, don tsoron kada ya hana aure ko ya ɓata musu rajista. Faɗin ciwo ba ya rage wa kowa haƙƙinsa. Shi ne ma ke sa a rubuta mutum cikin masu bukata ta musamman, a nemi hanyar tura shi inda ake da likitan zuciya. Abin da aka faɗa a ofishin kariya sirri ne, mu masu fassara ma amanar tana kanmu. Mace na da damar neman mace ta saurare ta. Wanda Larabci ko Turanci ya yi masa wuya a gaban likita ya nemi tafintan Hausa, ba a biyan ko sisi.

Idan ka san maƙwabcin da aka yi wa aikin zuciya a Soba ko wani wuri, ko yaron da ake yi wa allura kowane wata kafin a baro gida, ka tambaye shi yau ko maganinsa na nan. Idan babu, ka rako shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasa lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Amin.