Kuskuren Karanta Hoto: Yaushe Yake Zama Sakaci?

Aikina karanta hotunan asibiti ne, na ƙirji da na ƙashi da sikanin da CT. Lokaci-lokaci lauya kan kawo mini hoton da wani abokin aiki ya karanta, ya ce in duba ko akwai sakaci. Ƙorafin dangin majiyyaci kusan iri ɗaya ne: "Likita, bara an ce ƙirjin Baba lafiya lau, bana an ce daji ne har ya yi nisa. Ina suka sa idonsu?"

Amsata ta farko ba ta yi musu daɗi. Ba kowane kuskure kotu ke kira sakaci ba. Tun 1949 wani likitan hoto a Amurka, Henry Garland, ya nuna cewa ƙwararru ma sukan tsallake kusan kashi 30 cikin ɗari na alamun ciwo a hoton ƙirji. Ƙaramin ƙullutu kan laɓe bayan haƙarƙari ko inuwar zuciya. Wani lokaci ido ya ga karaya ɗaya, hankali ya kwanta, ta biyu ta wuce. Da zarar kuma an san inda ciwon yake, ko ɗalibi zai nuna maka shi a tsohon hoto. Shi ya sa kotunanmu ke bin ma'aunin shari'ar Bolam da aka yanke a Ingila a 1957: shin likita mai matsakaiciyar ƙwarewa a wannan fanni zai iya yin abin da wannan ya yi? Bayan haka sai mai ƙara ya tabbatar cewa jinkirin ne ya jawo cutarwar. Idan ciwon ya riga ya fi ƙarfin magani tun ranar hoton farko, diyya takan yi wuya.

Akwai dai abubuwan da ba na nema wa kowa uzuri a kansu. A karanta hoton da ya fito dishi-dishi ba a ce a sake ɗauka ba. A rubuta dama a wurin hagu, ko a manna sunan wani a hoton wani. Wanda ya fi ci mini rai shi ne a ga abin da ke kashewa cikin sa'o'i, kamar ciki a wajen mahaifa ko jini a ƙwaƙwalwa, a rubuta, a liƙe ambulan, a miƙa wa mace ta tafi gida, ba a ɗaga waya an kira likitan da ya turo ta ba. Ga kuma shagunan sikanin inda mai riƙe da na'urar ba shi da lasisin kowace hukuma. Masu cewa ƙaddara ce su tuna cewa a fiƙihu ma wanda ya yi aikin likita ba da sani ba, lamuni na kansa.

Majiyyata da danginsu, ku riƙa karɓar hoton kansa, fim ko faifai, tare da takardar sakamako. Takarda ra'ayin mutum ɗaya ce. Hoton shi wani ƙwararre zai sake dubawa, kuma rashinsa ya kashe ƙararraki masu gaskiya. Ku duba ko akwai suna da sa hannun wanda ya karanta.

Ƙorafi kan likita hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, ake kai wa, da takardar rantsuwa. Na mai ɗaukar hoto kuwa hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti, RRBN. Kotun ladabtarwa ta likitoci tana iya jan kunne, ko dakatarwa, ko soke suna daga rajista, amma ba ta ba da diyya. Wannan sai babbar kotu. In asibitin gwamnati ne kada a yi sanya, domin lauyoyinsu sukan fake da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba mai ƙara wata 3 kacal ya shigar da ita.