Yadda Ake Kula da Zomon da Aka Fiɗiye Kafin a Mayar da Shi Wurin Zomanya

Mai kiwon zomaye yakan ɗauka da zarar likitan dabbobi ya cire wa namiji 'ya'yan maraina, magana ta ƙare. Sai ya mayar da shi wurin zomanya a ranar, bayan wata guda ya wayi gari da 'ya'ya a keji. Ba laifin likita ba ne. Maniyyin da jiki ya riga ya tara yana nan a cikin bututun da ke fitar da shi, kuma yakan yi makonni da ransa.

Da farko, kai namijin wurin likitan dabbobi idan ya kai wata 3 zuwa 4, lokacin da marainan suka sauko. Ina roƙonka kada ka yi masa dandaƙa irin ta bunsuru. Kafar da marainan zomo ke saukowa ta cikinta a buɗe take, hanji na iya biyowa ta nan idan aikin bai yi kyau ba. Kada kuma ka hana shi abinci kafin aikin, domin zomo ba ya amai, kuma cikinsa ba ya jure zama babu komai.

Ranar da aka yi aikin, rubuta ta a jikin keji, ka ƙidaya mako 6 cur. Wasu likitoci sukan ce mako 4 ya isa, amma ni na fi natsuwa da 6, saboda halin zomanya. Ba ta da lokacin barbara irin na akuya. Barbarar ce da kanta ke sa ta saki ƙwai bayan kamar awa 10, don haka hawa ɗaya na 'yan daƙiƙu ya wadatar. Cikinta kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma tana iya ɗaukar wani washegarin haihuwa.

Sai ka raba musu keji. Waya ɗaya a tsakani ba ta isa ba, zomaye kan yi barbara ta cikin raga. Bar tazarar taƙi guda tsakanin kejin biyu, yadda za su ga juna su ji ƙanshin juna ba tare da sun taɓa ba.

A kwanaki 10 na farko, duba wurin ɗinkin safe da yamma. Shimfiɗa ta kasance busasshiya, ga ciyawa da ruwa. Idan ya wuce awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, koma wurin likita nan take.

Zai ci gaba da neman hawa da fesa fitsari na ɗan lokaci, kafin sha'awarsa ta kwanta.

Mako 6 na cika, haɗa su a wurin da babu wanda ya saba da shi a cikinsu, minti 10 a ranar farko, kana tsaye a kansu. Idan sun fara cizon juna, raba su, ka sake gwadawa gobe.