DARASIN WANNAN WATA: WAYAR ƘASA DA SAUYA FITILAR ƊAKI

'Yan'uwa manoma, wutar lantarki ta shigo garuruwanmu da yawa, ko daga kamfanin rarraba wuta, ko janareta, ko sola. Bayan girbi, in kuɗi ya shigo hannu, mukan so mu cire tsohon mariƙin ƙwai na roba mu sa fitila mai kyau ta ƙarfe, a ɗaki ko a ɗakin ajiyar ƙungiya. Aikin ƙarami ne, amma yana iya cin rai. Bari mu ga dalili.

Wayoyi uku da aikinsu

Wutar gida a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Wayoyi uku ya kamata su zo wurin kowace fitila.

1. Waya mai wuta. A tsohon tsari ja ce, a sabo mai ruwan ƙasa ce. Wurinta inda aka rubuta L.
2. Waya mai mayar da wuta. A tsohon tsari baƙa ce, a sabo shuɗiya. Wurinta inda aka rubuta N.
3. Wayar ƙasa. Koriya ce, ko koriya da ratsin rawaya. Wurinta inda aka rubuta E, ko wani ƙaramin noti a jikin ƙarfen fitilar.

Fitila tana kamawa da wayoyi biyu na farko kaɗai. Shi ya sa wasu suke yanke ta ukun, suna cewa ba ta da amfani. Wannan babban kuskure ne.

Me wayar ƙasa take yi?

A ce zafi ya cinye robar waya mai wuta, ko ɓera ya ɓare ta, ko notinta ya kwance, har ta taɓa jikin fitilar. In babu wayar ƙasa, ƙarfen nan duka ya ɗauki wuta. Fitila tana haske kamar kullum, ba wanda zai gane. Ranar da uwargida ta zo share yana, ko yaro ya hau kujera sauya ƙwai, wutar za ta bi ta jikinsa ta sauka ƙasa. In ƙafa ba takalmi, ko daɓe da laima, abin ya fi muni. Wutar da ba ta isa ta kunna babban ƙwai ba ta isa ta rikita bugun zuciya.

In kuwa an haɗa wayar ƙasa, wutar ta sami hanyar da ta fi jikin mutum sauƙi. Za ta bi ta can zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa kusa da mita, abin yanke wuta kuma ya faɗi.

Amma mu lura. Da rani ƙasarmu takan bushe ƙwarai, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai. Wutar da ke bin sandar tana iya kasa ƙona fis. Domin haka yana da kyau a sa na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara yoyo, wadda aka rubuta 30mA a jikinta. Tana da maɓallin gwaji. A riƙa danna shi bayan 'yan watanni, a ga ko tana faɗuwa.

Yadda za mu yi aikin

1. A yi shi da rana, da busassun hannuwa da takalmin roba, a kan tsani ko bencin katako.
2. A kashe babban makunni na gida duka. Makunnin bango bai isa ba, gama wani lokaci akan sa shi a kan wayar da ba daidai ba, wuta ta tsaya a fitilar ko da ta mutu.
3. Kada mu dogara da cewa an ɗauke wuta. Tana iya dawowa hannunmu yana kan waya. A kashe janareta da na'urar sola kuma, a gaya wa mutanen gida kada kowa ya kunna.
4. A gwada tasta a wurin da muka san da wuta kafin a kashe, sa'an nan a gwada kowace waya da ita. Launi yana iya ruɗin mu, domin ba kowane mai aiki ne ya bi ƙa'ida ba.
5. A sa kowace waya a wurinta, a ɗaure noti tam, kada silin jan ƙarfe ko ɗaya ya leƙo waje.

In wayoyi biyu kaɗai muka tarar fa?

Haka yake a gidaje da yawa. To, kada a sa fitilar ƙarfe a wurin. A sa ta roba, ko wadda ke da alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba, gama irin wannan ba ta bukatar wayar ƙasa. In lalle ta ƙarfe muke so, sai ƙwararren mai aikin wuta ya jawo wayar ƙasa tukuna. Kada a haɗa jikin fitila da baƙar waya a madadinta, domin ranar da baƙar ta tsinke a hanya, ƙarfen zai ɗauki wuta. Kada kuma a ɗaura ta a kwanon rufi ko bututun ruwa.

In wuta ta kama mutum

Kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, ko a ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi, a kwantar da shi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, a nemi taimako nan da nan. Ko ya tashi garau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Rigakafi dai ya fi magani.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Gidaje nawa ne a cikinmu suke da sandar ƙasa?
2. Kowa a gidanmu ya san inda babban makunni yake?
3. Za mu iya haɗa kuɗi mu kira ƙwararre ɗaya ya duba gidajenmu da ɗakin ajiya a rana guda, kafin damina ta sauka?