Kafin Ka Sa wa Baburinka Salansa Mai Ƙara

Wannan jan hankali ne ga masu babura na Bagwai da kewaye, musamman matasa, da kuma abokan sana'ata masu gyaran babur. Yanzu ana yawan kawo mana baburan da ba su tsufa ba, bawul ya ƙone ko fistin ya kama. In ka bi sawu, labarin kusan ɗaya ne: an cire salansar kamfani an sa mai ƙara, ko an fasa ta an zare hanjinta, ba wanda ya duba kafireta. Wani lokacin ma an taɓa ta, amma ta inda bai kamata ba.

A wajenmu babur abin neman abinci ne. Shi ke ɗauko buhun shinkafa da kwandon tumatir daga gonakin rani na madatsar Watari zuwa Bichi da Badume, shi ke kawo mai naƙuda asibiti daga Romo ko Gadanya cikin dare. Injin Bajaj Boxer da ire-irensa ƙarami ne, kuma ba shi da ruwan sanyaya, iskar hanya ce kawai ke kwashe masa zafi. Wanda ya ɗaura buhu biyu yana jan ƙaramar giya cikin yashi, injinsa na aiki tuƙuru alhali iskar da ke bugunsa kaɗan ce. Irin wannan inji ba ya jure ƙarin zafi ko yaya yake.

Fetur ba ya ci shi kaɗai, sai an gauraya shi da iska, kuma aikin kafireta ke nan. A ma'aunin nauyi, kashi ɗaya na fetur yana buƙatar iska kashi 14.7 kafin ya ƙone tas, amma inji mai ɗauke da kaya ya fi son man ya ɗan ɗara haka, don rarar tana sanyaya masa ciki. Kamfani ya auna jet ɗin kafireta ne da salansar da ya haɗo da iyakilinar da ya haɗo. Idan ka buɗe bayan, yadda inji ke fitar da hayaƙi ya canja, yadda yake jan iska ma ya canja, amma ramin jet yana nan yadda yake. Galibi sai iska ta rinjayi mai. Kowa ya ga maƙeri a bakin zugazugi ya san abin da ƙarin iska ke yi wa wuta.

Gaskiya ita ce salansa ita kaɗai, a kan ƙaramin inji, ba kullum take kashe shi ba. Abin da ke kashe shi haɗuwar abu uku ne. Na farko salansar. Na biyu cire soson iyakilina, wai don babur ya sha iska, wanda ke ƙara rage mai kuma ya buɗe wa ƙura hanya har cikin silinda. Na uku shi ya fi damuna. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kusan duk wanda ya zo gareji sai ya ce, “Oga, a matse min shi, yana shan mai da yawa.” Ban ga laifinsa ba, kowa ya san yadda aljihu yake. Amma babur mai buɗaɗɗiyar salansa ƙarin mai yake nema, kai kuma ka sa an rage. 'Yan kuɗin da ka tsira da su wajen mai bumburutu za ka amayar da su, har da riba, ranar da za a sauke inji a sa fistin da zobba da bawul.

Inji yana faɗar damuwarsa tun kafin ya kwanta. Za ka ji yana tas-tas a salansa idan ka saki totur. Ka murɗa da sauri ya ɗan shaƙe kafin ya amsa. Da safe ya ƙi zama sai da cok, kuma ya fi jin daɗin tafiya idan cok ɗin na ja. Wuyan salansa ya koma shuɗi, zafi yana dukan ƙafarka fiye da yadda ka saba. Amma babban mashaidi fulogi ne. Idan bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, lafiya lau. Fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma nan hatsarin yake. Baƙi mai toka, mai ya yi yawa, wannan asarar kuɗi ce amma ba ta saurin kashe inji.

Ga 'yan uwana makanikai, ina roƙon mu daina gyaran kafireta da kunne kawai a tsaye. Sukurun silo da muke murɗawa ba ya mulkin komai sai silo zuwa kwatan totur, shi da ƙaramin jet. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne. Daga nan zuwa ƙarshen totur babban jet ne. Babur zai iya zama daram a gareji yana silo mai daɗi, ya hau kwalta ya ƙone, domin matsalar tana sama, kai kuma ƙasa ka gyara.

Kafin ka zargi jet, tabbatar gasket ɗin wuyan salansa ba ya yoyo, robar da ke tsakanin kafireta da inji ba ta tsage ba, soso yana nan da tsafta, kafireta a wanke take. Sau da yawa tas-tas ɗin daga yoyon iska ne. Bayan haka ka ciro babban jet ka karanta lambar da ke jikinsa. A yawancin kafiretocin da muke gani, lambar faɗin ramin ce, 80 na nufin milimita 0.80. Ka hau mataki ɗaya kawai, ka sa sabon fulogi, ka bari inji ya yi zafi, ka samu miƙaƙƙiyar kwalta da ba jama'a, ka ja shi a babbar giya, sannan ka kama kulochi ka kashe makulli lokaci guda, ka ciro fulogin ka duba. Idan ka bari ya yi silo kafin ka kashe, shaidar ta goge. Idan tsakiyar totur ce ke da rauni, kuma allurar mai gaɓoɓi ce, sauko da maƙalinta gaɓa ɗaya, allura ta ɗaga, mai ya ƙaru. Sukurun silo shi ne na ƙarshe, kuma ka lura da mazauninsa: wanda ke ɓangaren iyakilina iska yake buɗewa, wanda ke ɓangaren inji mai yake buɗewa. Abu ɗaya ake canjawa a gwada, ba uku ba.

Kuma don Allah a daina faɗaɗa ramin jet da allurar ɗinki ko wayar burki. Tagulla ce mai laushi, bambancin jet da na gaba da shi bai kai kaurin gashi ba, hannu ba zai iya auna wannan ba, kuma ramin da ka faɗaɗa ba ya komawa. Jet ba shi da tsada, a aika Kano a sayo.

Lokacin hunturu a ƙara kula. Iskar sanyi ta fi ta bazara nauyi, don haka babur ɗin da ke kan gaɓa a watan Afrilu zai iya faɗawa ƙarancin mai da asubahin Disamba. Ƙura kuma tana toshe soso cikin 'yan kwanaki, a riƙa wankewa ana mayarwa, ba cirewa ake yi ba.

Ra'ayina a fili yake: salansa mai ƙara ba ta ƙara wa ƙaramin babur wani ƙarfin a zo a gani, sau da yawa ma tana rage masa jan kaya a ƙaramar giya, wanda shi ne abin da manomi da ɗan acaɓa suka fi buƙata. Ga haƙƙin maƙwabta, a garuruwan da gida ke jingine da gida, akwai tsoho mara lafiya, akwai jariri. Wanda salansarsa ta kamfani take da lafiya, ya bar ta. Wanda tasa ta ruɓe, ya nemi mai kama da ta asali. Wanda kuma ya riga ya canja, ya kai baburinsa wajen bakanikensa cikin makon nan a ciro fulogi a duba, kuma idan aka ce masa sai an ƙara mai, ya yarda. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kiyaye hanya.