Rautar reshen Mamudo ba mutuwar Allah ta yi ba

Ranar Laraba ce, Potiskum ta cika da fataken shanu, manajan wani ƙaramin reshe a Mamudo ya kira ni. Kamfaninsu sayen wake da riɗi yake yi, hedikwata tana Kano, kuma ba a biyan manomi ko kwabo sai awonsa ya bi ta rauta guda ɗaya Kano ta amince. "Injiniya, abin nan naku ya mutu." Namu kuma, tun da ya lalace.

Na san na'urar. Cisco 2901 ce ta hannu, mai gurbin EHWIC huɗu: katin LTE a gurbin sifili, katin suwic mai ƙofa huɗu a na ɗaya, sauran biyun a rufe da marafansu. A jikin bango aka ɗaura ta, inda iska ke ratsawa. Da na isa ban same ta a nan ba. Manaja ya sa an mayar da ita cikin kabad na katako an danna kwaɗo, wai ƙarar fanka tana damunsa, wai kuma ɓarayi. Ofishin rufin kwano ne ba silin, a watan Afrilu. Iyakar zafin da Cisco ta yarda wa wannan injin digiri 40 ne, mu kuwa a bazara ko inuwar waje tana wuce haka, balle cikin akwati. Ga fankokin sun toshe da ƙurar hunturun da ba wanda ya taɓa hurewa. Daga azahar sai ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, da yamma ta yi lafiya lau. Duk ciwon ke nan. A buɗe kabad, a hure ƙura, an gama.

Ba a kira ni a lokacin ba, saboda kuɗin mota. Aka kirawo wani yaro mai gyaran waya a bakin titin Damaturu.

Farko ya zare katin LTE da wuta a jikin injin. EHWIC ba a zare shi haka, ko sau ɗaya. Katin ya tafi, gurbin ma ya bi shi. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi ya ga ana yi a YouTube. Abin da ya gani NIM ne a jikin 4331, wanda aka ƙera don a iya cire shi injin na aiki, kuma ko shi mai hankali sai ya tsayar da katin da umarni tukuna. Daga nan ya ciro katin filash ya sa a kwamfutarsa, Windows ta tambaya ko a yi fomat, ya ce a yi. IOS ya tafi, fayil ɗin vlan.dat ya tafi. Rauta ta tashi ta tsaya a rommon tana jiran mai magana da ita, shi kuwa ya cusa kebul ɗin LAN a ƙofar konsol don ya ga bakin ya yi daidai, fitila ba ta kama ba, ya yanke hukunci cewa allon ya ƙone. Marafan gurabe biyun nan da ya kwance don ya "leƙa ciki" har yau ba a san inda suke ba.

Duk da haka aka ba shi kuɗi ya je Kano sayen sabon kati. Ya dawo da EHWIC-4G-LTE-V. Wannan V ɗin na Verizon ne, na Amurka, band 13 yake ji. Hasumiyoyinmu da 3 da 7 da 20 da 28 suke magana. Katin lafiyarsa ƙalau, amma a Yobe kurma ne, ko wane SIM ka sa masa.

Abin da ya ɓata mini rai ba ƙarfen ba ne. A ƙofar ofishin na tarar da dattawa zaune kan buhunansu, waken da suka ɓoye tun kaka suka fito da shi don su sayi taki kafin ruwa ya sauka. Wasu kwanakinsu ke nan suna zirga-zirga daga ƙauye, kowace zuwa da kuɗin amalanke. Wani baba ya ce mini, "Ɗana, in injin ba zai tashi ba ku faɗa mana gaskiya." Kafin in gama aiki ya riga ya sayar wa dillali a farashin da shi kansa ya san an kwashe shi. Manaja yana cikin ofis yana lissafin tsimin nawa ya yi da bai kira ni ba.

Na tayar da rautar daga USB, na mayar da IOS a filash. Allah ya taimaka saitin farawa yana NVRAM, hannun yaron bai kai can ba. Canza injin gaba ɗaya bai taso ba, don lasisin securityk9 da VPN ɗin Kano ke hawa a kai ɗaure yake da lambar wannan injin, kuma Cisco ta daina sayar da jerin 2900 tun ƙarshen 2017, ta janye tallafi a ƙarshen 2022. Katin da ya dace, da aka samo shi, a gurbi na biyu na sa shi, wanda ke nufin Cellular0/0/0 ya koma Cellular0/2/0, duk layin da ya ambaci tsohon suna sai an sake rubuta shi. Wannan ma kuɗin aiki ne, kuma manaja ya yi ƙorafi a kai.

Ga darasi ga sauran rassa: a kashe wuta kafin a taɓa kati. A kashe, a zare filogi. Wanda bai mallaki kebul ɗin konsol ba kada ya kusanci rautarku, ko ɗan uwan wane ne. Filash ba memorin waya ba ne.

Gurbin da ba kati a rufe shi. Ba kwalliya ba ce, marafan nan su ke tilasta wa iska bin hanyar da aka tsara mata, kuma a garinmu ramin da aka bari a buɗe zanzaro ne zai gina ɗaki a ciki. Katin NIM ba ya shiga gurbin EHWIC, kada a danna da ƙarfi. Masu sayen katin suwic mai PoE don wayoyin tebur, ku duba fawa ɗin injin tukuna, ta talaka ba ta ba da wannan wutar. Kuma na sake faɗa: da wuta a jiki ba a zare kati. Na gaji da ganin gurabe masu baƙin tabo.

Sai atin. A bayan wannan rautar akwai wurin ɗaura wayar atin, na same shi fes kamar ranar da ya bar masana'anta, alhali eriyar LTE tana can saman dogon ƙarfe a kan rufi, kebul ɗinta ya shigo kai tsaye ba mai tare tsawa. Rassa da yawa daga Potiskum zuwa Damagum haka suke, sai hadarin farko na Yuni ya faɗo a fara kiran waya. A kafa sandar atin ta jan ƙarfe, a auna ta da mita, ba a soka guntun rodi a yashi a watsa gishiri a ce an gama ba. Janareta kuma kada ya shiga rauta kai tsaye, UPS a tsakani, mai batir mai rai.

Duk reshen da ke da irin wannan injin ya kwafi IOS da saitinsa a USB, kwafi ɗaya a aljihun teburin manaja, ɗaya a hedikwata, a rubuta lambar kowane kati da gurbin da yake a jikin ambulan.